Maƙoƙo: Aidin Yana Da Abokin Aiki

Jama'a da yawa sun san cewa ƙarancin sinadarin aidin ne ke kawo maƙoƙo. Shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. To, akwai wani sinadari da ke taya shi aiki, sunansa siliniyam.

A gaban wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tayirod. Ita ke ɗaukar aidin ta haɗa wani ruwa, ta sake shi cikin jini. Ruwan nan ne ke daidaita ɗumin jiki da kuzari da girman yaro. Amma ba ya aiki sosai sai da taimakon siliniyam, wanda kuma ke kare tsokar daga lalacewa.

Ɗan kaɗan jiki ke bukata, maikirogiram 55 a rana ga baligi, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ana samunsa a kifi da ƙwai da hanta da nama. Hatsi ma na da shi, gwargwadon yadda yake a ƙasar gonar.

Sai dai a yi hattara, kada a ruga kemis sayen ƙwayoyinsa. Idan ya yi yawa, gashi na zubewa, farce na karyewa, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa. A arewacin ƙasar Kwango an taɓa bai wa masu ƙarancin aidin siliniyam shi kaɗai, sai aikin tsokar wasunsu ya ƙara raguwa. Saboda haka a fara da gishiri mai aidin, a adana shi a rufe. Wanda wuyansa ya fara kumbura ya je asibiti a duba shi.