Tuti, Ƙauyen da Birane Uku Suka Sa a Tsakiya

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa a Hartum, a wurin da ake kira Mugran, zai ga koguna biyu sun haɗu amma kowanne yana riƙe da launinsa. Farin Nil ya taso daga kudu, daga wajen tafkin Biktoriya, yana tafe a natse. Shuɗin Nil kuwa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha ya gangaro, kuma idan damina ta kankama a kan tsaunuka sai ya iso a fusace, jajir da laka. A daidai mahaɗarsu akwai wani tsibiri mai siffar jinjirin wata, girmansa bai wuce murabba'in kilomita 8 ba. Shi ne Tuti. Hartum na kudu da shi, Umdurman na yamma, Bahari na gabas da arewa. Ga fadar shugaban ƙasa can a ƙetare, ga dogayen benaye, amma a cikinsa abin da za ka tarar shi ne lambuna, da jakuna, da lunguna ƙanana waɗanda mota ba ta iya shiga.

Tuti ya girmi Hartum. Mutanensa Mahas ne, wani reshe na Nubiyawan arewacin Sudan, kuma sun zauna a nan fiye da shekara 500 da suka wuce. Gidan malamai ne tun asali. Daga nan Shehu Arbab al-Aƙa'id ya ƙetare ruwa a wajen shekarar 1691 ya kafa makarantar allo a gaɓar kudu, tun kafin rundunar Turkawa da Misirawa ta kafa sansani a wurin a 1821. Unguwannin Hillat Hamad da Hillat Khojali da ke Bahari su ma sunayen malaman Mahas ne. Saboda haka idan ɗan Tuti ya ce birnin ne ya same su a nan, ba cika baki yake yi ba.

Abin da ya riƙe mutanen nan shi ne ƙasa. Kowace shekara, tsakanin Agusta da Satumba, ruwa yakan hau gefen tsibirin, idan ya janye sai ya bar baƙar laka mai taushi wadda ba ta neman taki. Nan ake shuka ganyaye da kuɓewa da albasa da ciyawar dabbobi. Can ciki kuma akwai lemun tsami da mangwaro da gwaiba. A da, da shanu ake juya ƙafar ɗebo ruwa da ake kira sakiya, yanzu injin ban ruwa ya maye gurbinta. Da asuba ake loda kayan gwari a kai kasuwannin birni. A bakin gaɓa kuma masu jan bulo suna kwaɓa lakar da kogi ya kawo, su jera ta a rana, su gasa, hayaƙi yana tashi. Gidajen Hartum da yawa da irin wannan bulo aka gina su.

To, ƙasa mai albarka a tsakiyar babban birni ba ta rasa masu kwaɗayinta. Mu da muka ga yadda gonakin gefen Kano suka koma filaye, aka yanka su ƙafa hamsin-hamsin, mun san inda zancen yake ƙarewa. Mutanen Tuti sun daɗe suna ƙin wannan hanya. Al'adarsu ita ce fili gado ne, ba a sayar wa bare, kuma auratayya tsakanin dangi ta sa ko an raba gado ƙasar ba ta fita daga gida. Wannan ma yana da tasa matsalar, domin gona ɗaya takan zama ta magada da yawa, kowa da ɗan guntunsa. Amma wannan sarƙaƙiyar ita ce ta wahalar da dillalai, don wanda zai sayi fili sai ya shawo kan zuriya guda. A 1944 Turawan mulkin mallaka sun nemi karɓe wani ɓangare na tsibirin, mutane suka tayar da ƙayar baya, aka janye.

Bayan shekara biyu, a 1946, kogin da kansa ya zo gwada su. Ambaliyar wannan shekara tana cikin mafiya girma da aka sani a tarihin Nil. Yadda mutanen Tuti ke ba da labarin, hukuma ta ce su tashi, suka ce ba inda za su. Maza suka jeru a inda ruwa ya ɓalle, suka tare shi da jikinsu har aka cika buhuna da ƙasa aka toshe. Har yau ana rera waƙar wannan rana a Sudan.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba jaruntakar dare ɗaya ba ce, tsarin da suka gina a kanta ne. Sunansa taya. Idan ruwa ya fara hawa, sai a kafa rumfuna a wuraren da aka san gaɓa tana da rauni, kowace rumfa da mutanenta, ana kwana ana tashi a kan gadi. Dattawa sun san kogin kamar yunwar cikinsu: launin ruwa, da irin itacen da yake ɗebowa, da ƙarar da yake yi, duk saƙo ne a wurinsu. Da an ga ɓaraka sai a buga ganga ko a busa usur, ladan ya ɗauka a lasifikar masallaci, kowa ya fito gayya. Matasa suna ɗaukar buhunan yashi, mata suna girki da shayi suna aikawa bakin ruwa. Da haka suka tsallake ambaliyar 1988, da ta 2020 wadda ruwa ya haura mita 17 a ma'aunin Hartum. A 2015 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i ya yaba wa tsibirin kan wannan tsari.

A da, shiga da fita kuwa sai ta jirgin fito. Ɗalibi da ma'aikaci da mai naƙuda da akuya duk jirgi ɗaya suke jira, kuma idan dare ya yi nisa sai a haƙura. A 2008 aka kammala gadar Tuti, mai rataye da igiyoyin ƙarfe, wadda ta haɗa tsibirin da Hartum. Marar lafiya ya samu sauƙi, kayan lambu suka daina kwana a hanya. Mutanen birni kuma suka gano wurin shan iska: ranar Juma'a da yamma bakin yashi yakan cika, ga masu shayi da kujerunsu, ga yara suna wanka. Tare da su masu zuba jari suka shigo da zanen otal-otal da manyan gidaje, kuma farashin fili ya tashi. Dattawan da suka yi ɗari-ɗari da gadar tun farko, wannan suke gudu.

Ba wanda ya yi zaton ta inda sharrin zai ɓullo. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wanda ya riƙe bakin gadar nan ya riƙe Tuti gaba ɗaya, kuma RSF ce ta riƙe. Abinci da magani suka yi wuya, wuta ta ɗauke, fita sai da izini. Mutanen da ambaliya ta kasa tayarwa suka koma neman kwalekwale da dare, ana tsallakar da su zuwa Umdurman a ɓoye. Kafin ƙarshen 2024 tsibirin ya kusa zama kango. Sojoji sun sake karɓe shi a watan Maris 2025, masu gidaje suka fara dawowa suna duba abin da ya rage.

Wani canjin kuma daga sama yake tafe. Habasha ta gina babbar madatsar ruwa a kan Shuɗin Nil, ta fara tara ruwa a 2020, ta ƙaddamar da ita a Satumba 2025. Madatsa takan rage tsananin ambaliya, amma takan tsare laka a bayanta. Manomin gaɓa da mai jan bulo kuwa da wannan lakar suke ci, kuma ita ce take mayar wa tsibirin ƙasar da ruwa yake zaizayewa duk shekara.