Sirrin da Ke Cikin But: Gasar Tseren Motocin Birtaniya ta 1994

Ranar Litinin ta hutun Ista, cikin watan Afrilun 1994, motoci suka jeru a filin tsere na Thruxton da ke kudancin Ingila domin buɗe kakar gasar BTCC, wato gasar ƙasa ta motocin hawa a Birtaniya. Wanda ya saba kallon Formula 1 zai yi mamaki, don a nan babu motocin nan masu kama da kibiya. Motoci ne irin na magidanta: Ford Mondeo, Vauxhall Cavalier, Nissan Primera, Renault Laguna, Fijo 405, BMW, har da Toyota Carina E, wadda daga baya 'yan Kwatano suka cika titunan Kano da Kaduna da ita. Kamfanoni goma ne suka shigo da kuɗinsu da kanikawansu a wannan shekara.

Lissafinsu a fili yake. Magidancin da ya ga irin motarsa ta yi zarra a talabijin ranar hutu, in ya tashi sauya mota zai tuna. Tashar BBC tana nuna gasar, ga kuma muryar Murray Walker, mai sharhin da ke iya sa tseren kunkuru ya zama abin tashi tsaye.

Gasar ta samo asali tun 1958, amma dokokin da ake bi a 1994 sababbi ne, kuma an tsara su ne don kada wani ya tsere wa sa'a. Dole mota ta zama mai aƙalla ƙofa huɗu. Inji kada ya wuce lita 2, babu turbo, kuma an ƙayyade masa juyi 8,500 a minti ɗaya. Ana cire kujeru da kafet, a walda keji na bututun ƙarfe a ciki don kare direba, a sauke motar ƙasa har ta kusa shafar kwalta. Duk da haka injinan kan ba da ƙarfin doki kusan 290. Tun da ƙarfin ya zo kusan ɗaya, sai a ga motoci biyar sun tunkari kwana ɗaya suna gogayya, madubi na karyewa, bamba na ja a ƙasa.

Sai kuma doka guda da ta zame wa kowa ƙarfen ƙafa. Siffar jikin motar tsere dole ta zama daidai da wadda ake sayarwa a kasuwa, kuma sai kamfani ya ƙera aƙalla guda 2,500 irinta. Ba a yarda a liƙa wa mota wani fiffike ba sai in da shi ake sayar da ita.

Me ya sa fiffike ke da muhimmanci? Na jirgin sama yana ɗaga shi ne. Na motar tsere kuwa a kife yake, don haka iska ke danne motar ƙasa. Idan aka danne ta, tayoyi sun fi riƙe kwalta, direba ya sha kwana da gudun da zai watsar da abokin karawarsa waje. A gasar da ake rabuwa da ɗan ɓurɓushin daƙiƙa, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Mutanen Alfa Romeo na Italiya, waɗanda wannan ce shekararsu ta farko a gasar ƙarƙashin waɗannan dokoki, sun zauna sun karanta dokar kamar lauyan da ke neman kafar kuɓutar da wanda yake karewa. Suka fito da wani samfuri na musamman na motarsu 155, suka raɗa masa suna Silverstone. A shago ba ta da wani bambanci na a zo a gani: ɗan fiffike kwance a baya, ɗan leɓe a ƙasan bamban gaba. Amma leɓen ana iya zaro shi gaba a ɗaure, fiffiken kuma ana iya ɗaga shi sama. 'Yan ƙarafan ɗagawar suna cikin but, ana miƙa wa mai saye tare da makulli. Ko ya ɗaura ko kada ya ɗaura, ruwansa. Abin da Alfa ke buƙata shi ne a ce da su aka sayar da motar.

Sitiyarin kuwa yana hannun Gabriele Tarquini, ɗan shekara 32, wanda ya yi shekaru yana wahala a Formula 1 cikin motoci marasa ƙarfi, ya tashi da maki ɗaya tal. A Thruxton ya zo na ɗaya. A Brands Hatch ya lashe tsere biyu. Ya ƙara a Snetterton, ya ƙara a Silverstone. Tsere biyar na farko, babu wanda ya sha gabansa a layin ƙarshe.

Nan fa ido ya raina fata. Ford da Vauxhall suka kai ƙara, suna cewa wannan wayo ne, ba dokar aka bi ba. Rikici ya kai intaha a ƙarshen watan Mayu a Oulton Park, inda alƙalai suka umarci Alfa ta mayar da leɓen ciki. Italiyawan suka ce ba su san zance ba, suka loda motocinsu a tirela suka bar filin ba tare da sun yi tseren ba. Alain Menu ɗan Suwizalan ya lashe shi da Laguna. Daga bisani aka yi sulhu: Alfa ta riƙe makin da ake taƙaddama a kai, ta kuma yarda ta yi tsere da leɓen a ciki har zuwa 1 ga Yuli. Kafin wannan rana ta zo, BMW da Renault sun koyi karatun, su ma sun ƙero nasu fikafikan sun yi musu rajista.

A gaskiya dai, rashin adalci ne a ce fiffike kaɗai ya ba Tarquini kambu. Ko a makonnin da aka rage wa motar ƙarfi ya ci gaba da cin tsere. Abin da ya fi shi ne rashin kuskure: ranar da ba zai ci ba, sai ya lallaɓa ya kwashi makin na biyu ko na uku. A Knockhill ta Sikotlan ne kawai ya ga ta kansa, lokacin da Laguna ta Tim Harvey ta taɓa shi, jar Alfa ta tashi sama ta yi ta wuntsila gudidi har ta zama gwangwani. Ya fito da ƙafarsa.

Rabin kakar na biyu BMW ta farfaɗo. An rage mata nauyin da doka ta ɗora wa motocin da tayoyin baya ke turawa, ga sabon fiffike, sai Joachim Winkelhock, zakaran 1993, ya shiga jera nasarori. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tarquini ya kammala da nasara 8 cikin tsere 21, Menu ya zo na biyu, Paul Radisich ɗan New Zealand na uku da Mondeo.

Akwai wani but ɗin da ya fi na Alfa jan ido a wannan shekara, kuma babu komai a cikinsa. Kamfanin Volvo na Suwidin, wanda aka san shi da motocin dattawa masu tsoron hatsari, ya shigo gasar da 850 mai dogon baya, irin wagon ɗin da ake loda wa yara da kayan cefane. Ƙungiyar Tom Walkinshaw ce ta shirya ta, da inji mai silinda biyar. Direbobinta Jan Lammers, wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1988, da Rickard Rydell, wanda ya sa hannu a kwantaragi ba tare da ya san akwatin da za a ba shi ba. Sauran direbobi suka yi ta yi musu shaguɓe, babu kuma wanda ke son a ce motar cefane ta wuce shi. Su ko suka mayar da abin raha, har suka taɓa zaunar da ƙaton karen wasa mai gashi a but yayin zagayen gaisuwa.

Matsayi mafi kyau da wagon ɗin ta samu shi ne na biyar. Sai dai hotonta tana tsalle kan gefen kwana da tayoyi biyu a sama ya zaga jaridu fiye da na motocin da suka ci kofi, abin da Volvo ta biya kuɗi dominsa ke nan.

Hukumomi ba su so a maimaita rigimar ba. Daga 1995 aka ba kowa izinin sa fiffike mai ƙayyadadden girma, aka kuma ɗaga adadin motocin da dole a ƙera daga 2,500 zuwa 25,000. Sabon fiffiken bai dace da dogon rufi ba, don haka Volvo ta koma salun, Rydell kuma ya zama zakara a 1998 da S40. Ita ko Alfa, da kowa ya samu abin da ta fi su da shi, ba ta ci ko tsere ɗaya a 1995 ba, ta tattara ta fice a ƙarshen shekarar. Binciken iska da ya biyo baya ya cinye kuɗi maƙudai, kamfanoni suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 2000, daga goman nan na Thruxton Ford da Vauxhall ne kawai suka rage, sai Honda da ta shigo daga baya.