Digiri Kaɗai Ba Ya Mai Da Yaro Odita

Akwai mutanen Kafanchan da Kagoro da Kwoi mazauna Ikko masu burin 'ya'yansu su koyi aikin akanta, watau tsara rahoton kuɗi da binciken littattafan ma'aikatu. Ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004.

Amma fa digiri rabin tafiya ne. Doka ba ta yarda mutum ya sa hannu a binciken kuɗin kamfani ba sai ya zama ɗan ƙungiyar ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN mai kwaleji kusa da Jos. Kowacce kuwa tana da jarrabawarta. Saboda haka uba mai tanadin kuɗin makaranta ya ware na jarrabawa tun yanzu.