Hutu Tsakanin Zagaye: Ragwanci Ne ko Dabara?

Da yamma, bayan an taso daga aiki, gidajen motsa jiki na Gwarinpa da ke Abuja kan cika maƙil, mutum uku ko huɗu na jiran ƙarfe ɗaya. A wannan cunkoson ne wata magana ta samu gindin zama: wai duk wanda ya huta fiye da minti ɗaya tsakanin zagaye da zagaye rago ne, jikinsa zai huce, wahalarsa ta tashi a banza.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Gajeren hutu yana ɗaga sinadarin girma a jini na ɗan lokaci, yana kuma sa zuciya bugawa da sauri, gumi ya yi ta zuba. Sai dai a zafin Abuja na watan Maris ko wanda ke zaune ma gumi yake yi.

Sauran maganar ba ta da tushe. Tsoka na fizgar ƙarfe mai nauyi ne da wani sinadari da ke ajiye a cikinta, fosfokiriyatin, wanda ke raguwa sosai cikin 'yan daƙiƙu. Kusan rabin abin da aka ƙona yana dawowa cikin daƙiƙa 30, amma kafin ya kusa cika sai an ba shi minti 3 zuwa 5. Wanda ya koma da wuri, ƙarfen zai tashi, amma da kyar, kuma yawan ɗagawar ya ragu. Ko a gasar Olamfik, idan ɗan wasa zai ɗaga sau biyu a jere, minti 2 ake ba shi maimakon 1.

A 2016 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa a Amurka sun raba samari 21 da suka saba da ƙarfe gida biyu, wasu na hutun minti 1, wasu minti 3. Bayan mako 8, masu dogon hutun suka fi ƙarfi, suka kuma fi kaurin tsoka. Saurin tashin ƙarfen kuwa, wanda komawa da wuri ke ragewa, ba ado ba ne. A 2017 Fernando Pareja-Blanco a birnin Seville na Sifen ya gwada masu tsuguno da ƙarfe a kafaɗa: waɗanda ke dakatawa da zarar saurinsu ya ragu da kashi 20 cikin 100 sun fi samun ƙarin tsalle a kan waɗanda ke nacewa har kashi 40, ƙarfinsu kuma ya zo kusan ɗaya, kodayake masu nacin sun fi tara nama.

Batun wai dogon hutu na barin sinadarin laktet ya taru ya jawo tsamin jiki washegari, shi ma ƙarya ne. Laktet na barin jini cikin kamar awa ɗaya.

Hukuncin dai shi ne: ƙananan atisaye irin na damtse minti 1 zuwa 2 ya wadatar, amma mai tsuguno ko tura ƙarfe mai nauyi a ƙirji ya ɗauki minti 3, ya bar na bayansa a layi ya yi nasa zagayen kafin nan.