Tarbo a Ƙasar Zafi da Ƙura: Abin da Mai Mota Zai Iya Yi da Hannunsa a Sakkwato

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da motocin da ke shigowa birnin Sakkwato a 'yan shekarun nan, musamman na hannu waɗanda har yanzu ake kira 'yan Kwatano, zai ga injunansu sai ƙara ƙanƙancewa suke yi, amma ƙarfinsu bai ragu ba. Alal misali, daga shekarar 2018 kamfanin Honda ya daina sa inji mai silinda shida a motarsa Accord, ya maye gurbinsa da mai silinda huɗu. Asirin wannan al'amari yana ga wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwarya girma ba, wadda kanikawa ke kira tarbo. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda na'urar ke aiki, da abin da yanayin Sakkwato ke yi mata, da kuma irin kulawar da mai mota zai iya yi da kansa. Maganar ta shafe mu, domin kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 malamai da ma'aikata da dama suka koma neman mota mai ƙaramin inji, kuma wanda tarbonsa ya mutu yana iya kashe albashin wata da watanni kafin motar ta sake hawa titi.

Zugazugin Inji

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tarbo ita ce a leƙa maƙera. Gawayin maƙeri ba ya jan ƙarfe sai an zuga shi, watau sai an tura masa iska fiye da wadda zai samu da kansa. Haka inji yake. Ƙarfinsa ya dogara ga yawan man da zai iya ƙonawa, man kuwa ba ya ƙonewa sai da iska daidai gwargwado. Injin da ba shi da tarbo zuƙar iska yake yi da kansa idan fistin ya sauka, kamar yadda huhu ke yi. Mai tarbo kuwa ɗura masa ake yi.

Bambancin kawai shi ne, a nan babu yaron maƙeri mai zuga. Hayaƙin da inji ya fitar, wanda a dā yakan bi salansa ya tafi a banza, shi ake bi da shi ta kan wata 'yar farfela ya juya ta. Farfelar tana haɗe da wata ta biyu ta hanyar gajeren sandan ƙarfe, ita kuma ta biyun ta zuƙo iska daga waje, ta matse ta, ta tura cikin inji. Wannan sanda yakan juya sau 150,000 ko fiye a minti ɗaya, alhali shi kansa injin da wuya ya wuce 6,000. Hayaƙin da ke bugun farfelar farko kuwa, a injin fetur, zafinsa yakan kai digiri 900 a ma'aunin Selsiyos. Abin da ya raba sandan da mazauninsa a cikin wannan gudu da wannan zafi bai wuce ɗan siririn shafin baƙin mai ba. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin ilimin tarbo.

Da ni za a tambaya, da "zugazugin inji" na kira ta, don sunan ya faɗi aikinta sarai. Amma bakin kanikawa ya riga na masana, kamar yadda ya riga su a kan lagireto da kafireto da salansa, saboda haka za mu bi su.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905, aka fara cin moriyarta a manyan injunan jiragen ruwa da na sama. Sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka, cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Mercedes ya fito da 300SD mai shan dizal a 1978, Peugeot ya biyo da 604 a 1979. Amma Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda a kanta akasarin manyan kanikawanmu suka koyi sana'a suka kuma koyar da yaransu, ba ta da tarbo. Mota ce mai haƙuri, tana jure kowane irin mai da kowace irin dabara. Daga nan ne matsala ta samo tushe, don an ɗauki al'adun da 504 ta yafe an ɗora wa injin da ba ya yafiya.

Bazara da Hunturu

Sakkwato na cikin birane mafi zafi a Nijeriya. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi: wadda ke digiri 45 ta gaza wadda ke digiri 15 da kusan kashi 10 cikin ɗari, saboda haka dole tarbo ta ƙara gudu kafin ta cika wa inji mudunsa. Bugu da ƙari, matsa iska kan ƙara mata zafi. In aka ninka matsin iskar da ta shigo da digiri 45, tana iya fitowa da digiri 140 ko fiye. Don haka ake bi da ita ta cikin wani lagireto na musamman, wanda iska ce ke ratsa shi a maimakon ruwa, galibi a gaban mota ƙasa da fitilu. In wannan lagireton iska ya toshe da laka da fara da ledoji, iska mai zafi za ta shiga silinda, fetur ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Kwamfutar inji takan ji wannan ƙwanƙwasa ta rage ƙarfi don ta tsare fistin. Wannan ne ya sa direba kan ji motarsa ta yi sanyin jiki da azahar a kan hanyar Gusau ko ta Illela, da asuba kuwa ta yi ta zillo. Wanke lagireton da ruwa a hankali, ba tare da an lanƙwasa siraran fukafukansa ba, aiki ne na minti goma.

Hunturu kuma da tasa ɓarnar yake zuwa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta fi gari laushi, amma ga farfelar da ke irin wancan gudu tamkar magagari ce. Tana cin bakin fukafukan sannu a hankali har nauyinsu ya daina daidaita, sanda ya fara rawa. Kariya ɗaya ce tak, ita ce matatar iska. A nan akwai wata al'ada da ya kamata a bari, watau kai matatar wurin mai faci ya busa ta da iskar tayoyi. Ido zai ga ta yi fes, amma takardar ta riga ta yage a wuraren da ido ba ya gani. A lokacin hunturu a riƙa buɗe akwatinta duk bayan mako biyu, a kakkaɓe ta da hannu, a goge cikin akwatin da ɗanyen tsumma. In an ga ƙura a bututun da ke bayan matatar, to ko dai ta yage ko ba ta zauna daidai ba, sai a sake ta nan take.

Baƙin Mai da Ruwa

Yawancin tarbon da ke mutuwa ba tsufa ke kashe su ba, baƙin mai ne: ko ya yi datti, ko ya yi kaɗan, ko bai iso da wuri ba. Littafin mota yakan ba da wa'adi iri biyu na juye, na yanayi mai sauƙi da na mai tsanani. Zafi da ƙura da gajerun tafiye-tafiye cikin gari duk suna cikin na biyun, don haka mai mota a Sakkwato ya riƙe kilomita 5,000, ya kuma sake matatar mai a kowane juye. Kaurin man kuwa, wanda aka rubuta a littafin ko a murfin wurin zubawa shi za a bi, kamar 5W-30 ko 5W-40. Sau da yawa za ka ji an ce ƙasarmu da zafi, sai mai kauri irin 20W-50. Wannan shawara ce ta zamanin 504. Bututun da ke kai wa tarbo mai bai fi alƙalami kauri ba, mai kauri kuwa yana jinkirin isa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, watau sa'ad da aka ta da inji. Ga ƙananan injunan fetur na zamani a nemi galan mai ɗauke da alamar API SP, mizanin da ya fito a 2020, ko wadda ta biyo bayanta, don an tsara shi ne ya hana irin fashewar nan ta kafin lokaci. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ba wanda ya san asalinsa. Araha ba ta ado.

Akwai ɗabi'u biyu da ba sa cin ko kwabo. Da safe a bar inji ya yi kamar rabin minti kafin a tashi, kuma kada a taka totur da ƙarfi sai ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya kuma, a ce daga Birnin Kebbi, kada a kashe shi da tsayawa, a ba shi minti ɗaya ko biyu. Dalili shi ne, da an kashe inji mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikin tarbo sai ya soye ya zama gawayi, gawayin ya toshe hanya. Wasu motocin zamani suna da ɗan famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe su, amma ko a nan sassauta gudu a kilomitocin ƙarshe ba ya cutarwa.

Game da ruwan lagireto, ƙasar Sakkwato tana da farar ƙasa mai yawa, ita ce ma ta sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratsa irin wannan ƙasa yakan bar farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Ɓawon nan yana toshe ƙananan hanyoyin ruwa na tarbo. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na galan. Haka kuma kada a yarda a cire 'yar bawul ɗin nan mai daidaita zafin ruwa da sunan wai ta Turai ce. Injin da ba ya kai zafinsa na ƙa'ida yana ƙara shan mai, fetur kuma ya riƙa tsiyaya cikin baƙin mai yana tsinka shi.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi alamar baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi alamar mai ya fi iska yawa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa kuwa ruwa ne ya shiga silinda. In mota ta rasa ƙarfi kuma ana jin huci idan an taka totur, kafin a zargi tarbo a bi tiyo-tiyon iska da hannu bayan inji ya huce, a nemi tsaga ko maɗaurin da ya saki. An sha sayen tarbo sabuwa a kan laifin tiyo. Wanda ya iya riƙe sukudireba yana iya cire bututun shigar iska ya taɓa sandan da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin farfela ba ta gogar bango, amma in yana shiga yana fita, ko ana jin kuka irin na jiniya, aikin ya wuce na gida. In kuwa har ta kai ga sakewa, a tsaya a kan bakanike ya sake bututun mai, ya wanke lagireton iska, ya ɗura wa sabuwar mai kafin a ta da inji. In ba haka ba, abin da ya kashe ta farko yana nan yana jiran ta biyu.

Ƙare-ƙaren da Ake Yi

Samari masu sha'awar mota sukan so su ƙara wa inji wani abu, kuma ba duka ne abin zargi ba. Lagireton iska mafi girma yana da amfani ƙwarai a yanayinmu, haka ma sake tsofaffin tiyo-tiyon roba da na silikon masu jure zafi, da mayar da garkuwar zafi ta gwangwani da kanikawa kan cire su manta. A injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ɗan gwangwanin tarar tururin mai yana rage dattin da ke taruwa a kan bawul, in dai za a riƙa zubar da shi.

Wanda na fi ƙi shi ne buɗaɗɗiyar matatar nan mai siffar mazurari da ake sawa a cire akwatin asali. Tana da ban sha'awa, tana kuma sa inji gurnani, amma iskar cikin ɗakin inji take zuƙa, wadda ta fi ta waje zafi nesa, ramukanta kuma sun fi na takarda faɗi. A garin da ake hunturu wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Masu sauke ta ƙasa kusa da taya don neman iska mai sanyi kuwa, su tuna da damina. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba ta 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san abin da fadamar Rima ke iyawa, kuma ba sai ruwa ya kai haka ba: kofi ɗaya in ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa sandan fistin, domin ruwa ba ya matsuwa.

Sai kuma sake wa kwamfutar inji lissafi don a ƙara matsin iska. Gaskiya ne ƙarfi yana ƙaruwa. Amma masu rubuta irin wannan lissafi a Turai suna yin sa ne da zaton fetur mai lambar okten 95 ko 98 da iska mai sanyi, mu kuwa ba mu da tabbacin irin wannan fetur a kowane gidan mai, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba. Kamfanin da ya ƙera motar ya bar rata tsakanin abin da inji ke bayarwa da abin da zai fasa shi, kuma zafin Afrilu a Sakkwato ya riga ya cinye wani ɓangare na wannan rata. Wanda ya nace sai ya yi, to ya fara da babban lagireton iska da sababbin filogi, ya kuma sayi 'yar na'urar nan da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari tana aika bayani zuwa wayar hannu. Kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mazauninta. Da ita zai riƙa ganin zafin iskar da ke shiga inji da yadda kwamfuta ke ja da baya, kuma awon da zai dogara da shi shi ne wanda ya ɗauka da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, mota cike da mutane, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.