Idan Sanyin Mota Ya Ɗauke, Kuruz Kuma Ya Ƙi Kamawa

Duk wanda ya taɓa shiga mota da tsakar rana a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san cewa na'urar sanyaya mota ta wuce matsayin ƙawa ta zama lalura. To amma da zarar ta ɗauke aka nufi gareji, hukuncin da akan yanke tun ba a ɗaga bonet ba shi ne, "Alhaji, ai gas ne ya ƙare." Wannan magana tana bukatar tahƙiƙi, domin gas ɗin nan ba fetur ba ne da injin zai ƙone, a rufe yake cikin bututu yana zagayawa, saboda haka idan ya ragu, lalle akwai kafar da yake zurarewa, kuma wanda ya ƙara shi bai toshe kafar ba, ruwa ya zuba a rariya. Kafar kuwa ba ta ɓuya ga mai lura, da yake man kwamfireso tare da gas yake tafiya, inda ya fita sai a ga danshin maiƙo ƙura ta lafe a kansa, ko a mahaɗar tiyo, ko a jikin kwandensa, wato siririn lagireton da ke gaban na injin.

Tun kafin a kai ga bakanike, akwai alamomin da mai mota zai kafa hujja da su. Ya ta da injin, ya kunna esi, wato na'urar sanyin, ya kasa kunne: a galibin motocin da ke hannunmu za a ji ƙas, alamar kwamfireso ya kama. In ba a ji ba, a fara da fis da rile, sa'an nan makunnin da ke tsayar da kwamfireso idan gas ya yi ƙaranci. Wasu kanikawa, Allah ya shirye su, sukan tsallake wannan makunni da guntuwar waya don mai mota ya ji sanyi ya biya, alhali kuwa an sa shi ne don kada kwamfireso ya yi ta juyawa ba mai har ya ƙone. Motar da ke sanyi a kan babbar hanya, amma ta yi ɗumi cikin cunkoso, fankarta za a tuhuma, ko ƙurar hunturu da ta toshe kwandensa. Wadda kuma iskarta ta yi rauni, a zaro matacin da ke bayan akwatin gaban fasinja a duba. Sa'an nan a kiyaye da jinsin gas. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka bar R-12 aka koma R-134a, sababbin motoci da yawa kuma R-1234yf suke ɗauka; an rubuta na kowace mota a ƙarƙashin bonet, gauraya su kuwa ɓarna ce tsantsa.

Ita kuwa na'urar riƙe gudu, wadda direbobi ke kira kuruz, wani injiniyan Amurka ne, Ralph Teetor, makaho tun yarinta, ya ƙago ta, kamfanin Chrysler ya sa ta a motocinsa a 1958. Sharaɗinta shi ne ta saki totur da zarar an taɓa birki, kuma daga nan mafi yawan illarta ke tasowa, domin idan ɗan makunnin da ke saman fedar birki ya lalace, sai ta ɗauka ƙafar direba na kan birki har abada, ta ƙi kamawa. A sa yaro ya tsaya a baya ya ga ko fitilun birki na kunnuwa da mutuwa yadda ya kamata. In kuma oda ta daina ƙara, fitilar jakar iska ta kunnu, maɓallan sitiyari suka mutu gaba ɗaya, to naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sitiyari ce ta tsinke. Kada a manta, a motoci da dama ba ta kamawa sai gudu ya kai kimanin kilomita 40 a awa.

Abin da ya fi ban sha'awa a ganina shi ne inda cututtukan biyu suka haɗu a asali guda. A wasu tsofaffin motoci, musamman ƙirar Amurka, zuƙar iskar injin ce ke jan totur ɗin kuruz, ita ce kuma ke buɗe ƙofofin da ke rarraba sanyi. Idan zafi ya busar da siririn tiyon robar da ke ɗauke da ita ya tsage, sai kuruz ya mutu, iska kuma ta koma fita ta gindin gilashin gaba kaɗai, ko wane maɓalli aka murɗa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka aika kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ko ta Panteka a sayo maka kwamfireso, ka ce wa bakanikenka ya nuna maka kafar da yatsa, ya kuma zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu kafin ya ɗura sabon gas.