Kafin Ka Ɗaura Wa Batirin Motarka Sabuwar Waya

A unguwar Hausawa ta Ogui da ke Inugu, mota jari ce. Da ita ake sauko da kayan gwari daga Arewa, da ita ake jigilar fasinja zuwa Anacha da Fatakwal. Shi ya sa da zarar mutum ya sayi 'yar Baljiyam, sai ya gangara Coal Camp ya sayo mata ƙarin fitilu, da babbar lasifika, da na'urar bin diddigi saboda ɓarayi. Na Anacha su nufi Nkpor ko Mgbuka, na Fatakwal su nufi Ikoku. Daga nan sai a miƙa wa yaron rewaya a ce, "Ɗaura min a kan batir kawai, sauri nake." A wannan saurin ake shuka gobara.

Batirin mota bolt 12 ne, ba ya jan mutum kamar wutar nepa, don haka ake raina shi. Amma idan wayarsa ta zare ta taɓa ƙarfen mota, ɗaruruwan amfiya ne ke bi ta cikinta nan take. Kafin ka buɗe bonet ta yi jajir, robarta ta kama, ga fetur a kusa.

Mai tsaron ƙofa a nan shi ne fis. Duk wayar da ta tashi daga kan batir mai alamar tarawa, a sa mata fis dab da batirin, kada nisan ya wuce taƙi guda. Fis ɗin da aka sa can kusa da lasifika a cikin but ya bar doguwar wayar da ke bayansa ba kariya. Lissafin kuma mai sauƙi ne: raba wat ɗin na'urar gida 12. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10, sai a ba ta fis mai 15 da wayar da za ta ɗauki hakan. Inbata mai wat 1,000 kuwa tana jan fiye da amfiya 80, alhali ramin caja da ke gaban direba yawanci amfiya 10 ko 15 yake ɗauka. Idan fis ya yanke, magana yake yi maka cewa akwai matsala. Wanda ya maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin taba ya rufe bakin mai gargaɗinsa ne.

Abu na biyu shi ne wanda tsofaffin direbobi da yawa ba su sani ba. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ruwanta da inda ka ɗaura wayar as. Motocin yau kuwa, irin su Honda Accord ta 2013 zuwa sama da Marsandi da BMW na zamani, suna da 'yar na'ura manne da kan batir mai alamar ɗebewa. Aikinta ƙirga wutar da ke shiga da wadda ke fita, ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci altaneta yawan cajin da zai yi. Idan ka ɗaura wayar as kai tsaye a kan batirin, ka zagaye mai lissafi. Wuta na fita ba a rubuta ba, caji ya rikice, batir ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba, kai kuma kana ta zagin wanda ya sayar maka. Wurin wayar as shi ne jikin ƙarfen mota, a kan noti mai ƙarfi, bayan an kankare fenti da tsatsa.

Haka nan kada ka yarda a fere wayoyin mota na asali don a saci wuta. Wasunsu saƙonni suke kaiwa tsakanin kwamfutocin motar, ka taɓa ɗaya fitilun gargaɗi su cika maka dashbod. Masu rawayen soket na jakar iska ne. Masu kaurin nan ruwan lemo a motocin da ke haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, suna ɗauke da bolt 200 ko fiye, suna kisa. Na'ura mai jan wuta da yawa a haɗa ta ta hanyar rile, yadda za ta mutu idan an zare makulli, ba ta kwana tana tsotsar batir ba.

Wurin saye ma a buɗe ido, araha ba ta ado. Akwai wayar da cikinta sanholo ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Kankare bakinta, in ka ga fari, ajiye musu abinsu. Inda waya za ta ratsa ramin ƙarfe a sa mata zoben roba, domin girgizar hanyar Inugu zuwa Anacha kaɗai ta isa ta yanke ta.

Lokacin aiki, a kashe inji, a cire zobe da agogo, a nisanta taba, don batir yana fitar da iskar da ke kamawa. A fara kwance kan ɗebewa, shi kuma za a mayar a ƙarshe. Tukunyar kashe gobarar da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, a ajiye ta inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhunan albasa ba.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne. Amma kafin ka biya mai rewaya kuɗin aikinsa, ce masa, "Malam, nuna min fis ɗin, nuna min inda ka ɗaura as." In ya fara inda-inda, ɗauki motarka ka ƙara gaba.